Da Gora a Ka Muka Nemi Teku

Inda motar ta sauke mu babu teku, babu ko alamarsa. Kwalta ce ta ƙare a gindin wani dutse, daga nan sai kurmi, da wata 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta haura sama ta shige cikin ganye. Mu uku muka sauko: ni, da Kawu Bawa yayan mahaifiyata, da Tanko dillali wanda ya kwaso mu tun daga Nasarawa ta Birnin Kebbi da alkawarin aikin su, wato kamun kifi, a bakin tekun Kamaru.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Birnin Kebbi ta cika da baƙin ma'aikata, ana ta gini a Gesse da Badariya, ni ma har na fara ɗaukar kwanon siminti ina samun na tuwo. Kawu ya ce shi kam wannan a kai kasuwa. Mu Sarkawan Argungu ne, su muka gada, kuma Kawu Bawa ba ƙaramin masunci ba ne. A zamaninsa in ya nutse ya daɗe bai fito ba, mutanen bakin gulbi ba sa tsorata, wuƙaƙe suke wasawa. Amma tun da aka datse gulbin can sama fadama ta daina cika, kifi ya ja baya, sai ga Kawu a gindin bango tun hantsi har la'asar yana amsa gaisuwar masu wucewa. A haka Tanko ya same shi. Ya ce masa teku ba ya ƙafewa. Ya ce masu manyan jirage na ɗaukar ma'aikata sau ɗaya a shekara, da zarar ruwan sama ya fara ɗaukewa, wanda ya makara kuma sai baɗi. Kawu ya rantse a gaban mutane ba zai sake taka Argungu ba sai ya shiga wannan ruwan. Mahaifiyata ta ga rantsuwa ta riga ta fita, ta ce in bi shi.

Kayanmu ba yawa: homa biyu, wato komar hannu irin tamu, da jakar tufafi, da goran Kawu. Wanda bai san goran masunta ba, ƙaton duma ne da mutum ba ya iya rungumewa, mai baki a sama. Masunci na kifa cikinsa a kai ya yi iyo, abin da ya kama ya jefa ciki. Wannan na kakana ne, ya yi baƙi ya yi santsi don shekaru, kuma tunda ni ne yaro ni ke ɗauka.

Tanko ya nuna hanyar da baki ya ce, "Kawu, ku ba ku da takarda. In kunka bi titi masu kaki na tsare ku. Ku bi wagga, gari-gari take bi hab bakin ruwa, tahiyar yini guda. Ni in zagaya da mota in riƙe muku gurbi."

Kawu ya ce, "To homa hwa?"

"Ku kawo in rage muku kaya. Goran ɗai ba ya shiga mota."

Muka miƙa masa homa da jakar tufafi har muna godiya. Ban sake ganin Tanko ba har yau, kuma ban yafe masa ba. Malamai sun yi mini wa'azi a kan haka, na ji, na gode.

Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A gida in ka tsaya a bakin fadama kana hango mutum tun yana kamar ƙuda har ya iso ku gaisa. Nan kuwa hanya ba ta san miƙewa ba. Ka haura har gwiwa ta fara rawa, ka gangara har yatsu su nemi fasa takalmi, da ka kai ƙasa ka tsallake ɗan rafi, sai wani hawan. Saiwoyin itatuwa su ne matakala, ga jar laka mai santsi, ga ruwan sama da ba ya sallama kafin ya sauko. Gora ba shi da nauyi, amma faɗinsa ya fi hanyar, kowane reshe sai ya gaisa da shi. Mata kuwa suna wuce mu da manyan kwanduna a baya, igiya a goshi, suna hira kamar a tsakar gida.

Akwai wata al'ada ta mutanen hanyar da ta burge ni. A bakin kowane gari ana jingine sanduna a gindin wata bishiya, matafiyi ya ɗauki ɗaya, in ya kai gari na gaba ya jingine ta don mai dawowa. Ba mai tsaro, ba mai tambaya. Na ɗauki ɗaya na miƙa wa Kawu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ummaru, makaho ka gani ko tsohuwa?"

Na riƙe ta da kaina muka ci gaba.

Sunayen garuruwan ba su zauna a bakinmu ba, don haka Kawu ya raɗa musu nasa. Na farko Garin Ƙararrawa, saboda ƙarfen cocinsu muka fara ji tun muna ƙasa. A ƙololuwar tudu yake. Yini gudan Tanko a nan ya ƙare. Muka tambayi teku da hannu da ka, wani dattijo ya nuna mana jerin duwatsu yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya har na daina kallo. Mutane suka kewaye gora suna ƙwanƙwasawa. Wani ya leƙa ciki ya shinshina, ya ji ba bammi, ya tafi yana tsaki. Kawu ya ga ba su gane ba, sai ya kwanta a kai a tsakiyar fili yana nuna musu yadda ake iyo, hannu da ƙafa suna motsi a iska. Garin ya kwashe da dariya. Shi a zatonsa yabo ne, ni kuwa na san dariya in na ji ta, na sunkuyar da kai.

Suka ba mu masauki a wani ɗakin ajiyar kaya, wata mata ta kawo dafaffen gwaza da miya mai nama a ciki. Ba mu san naman mene ne ba, ba mu san wa ya yanka ba, muka ci gwaza gaya. Daga ranar gwaza da dafaffiyar ɗanyar ayaba suka zama abincinmu. Ban taɓa sanin ana kewar tuwon shinkafa har a ji ƙwalla ba sai a can. Kawu kuwa fura yake ambata, wai ko da ta kwana ce.

Haka muka riƙa bi gari-gari, Garin Akuya, Garin Masu Tsawa, da wasu da na manta. Rigar da ke jikinmu ita ce kaɗai, kuma ba ta taɓa bushewa ba. Tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari ya dare. Matsattsaku na hawa mutum ba ya ji, sai ya ga jini a wando. Wata rana ana tsuga ruwa wani mutum da muka yi kiciɓis da shi ya sare mana ganyen ayaba biyu, ya kifa mana a ka kamar laima, ya wuce abinsa bai jira godiya ba. A saman kowane tudu akwai kututture da aka ajiye don hutawa. In mun zauna Kawu kan ce, "Yanzu can gida shinkahwa ta yi ciki." Ko ya ce, "Yanzu uwarka na hura wuta." Ni ba na amsawa, don in na buɗe baki abin da zai fito bai dace ɗa ya faɗa wa kawunsa ba.

Sai muka isa wanda ya kira Garin Koko, inda ake shanya 'ya'yan koko a ƙofar kowane gida. A nan muka ji an ce, "Sannunku da hanya," da Hausa tsantsa. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi don murna. Wani mahauci ne mai tukubar tsire, Ɗanladi, ya yi shekara da shekaru a can. Ya ba mu ruwan alwala, ya nuna mana gabas wadda muka daɗe muna kintata don rana ba ta fitowa, ya ba mu naman da muka san an ambaci sunan Allah a kansa. Da muka ambaci Tanko ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ku ma? Ai ba ku ne farko ba. Homarku tuni tana kasuwa."

Kawu ya ajiye naman da ke hannunsa. Can ya ce, "Jiragen hwa? Nan ma ƙarya yay yi muna?"

"A'a, baba, jirage gaskiya ne, ɗaukar mutane ma gaskiya ne. Sai dai ku yi sauri, ruwa ya kusa ɗaukewa."

Mai cewa mu yi sauri shi ne ya zaunar da mu. Ya ce hanyar gaba rassa gare ta, kada mu tafi mu kaɗai, akwai abokinsa da zai gangara bakin teku jibi, sai ya raka mu. Kafin nan mu ɗan taya shi aiki. Aikin shi ne ɗauko buhunan koko daga gonakin ƙasa zuwa gari, don bayan tsire yana sayen koko. Jibi ta zo aboki bai zo ba, wai matarsa ta haihu. Wata jibin, wai an yi musu rasuwa. Ina ɗauke da nawa buhun ina kallon Kawu a gabana, mutumin da ya ƙi kwanon siminti a ƙasarsu, yana haura tudu da buhun wani a wuya, jijiyoyin ƙafarsa sun fito ruɗu-ruɗu. Ranar kasuwa na tambayi wata mata mai ɗan jin Hausa, ta ce babu wani aboki, hanya kuma ɗaya ce, ko akuya ba ta ɓata. Da wanda ba mu haɗa yare da salla ba ne ya yi mana haka, da na ce halin duniya. Wannan kuwa sahu ɗaya muke tsayawa da shi, kafaɗa da kafaɗa.

Muka tashi da sassafe ba sallama. Abin da ya dami Kawu ba buhunan ba ne, sama ce. Kullum sai ya ɗaga kai, kuma kullum ruwan na raguwa. Na safe da yamma ya koma na yamma kaɗai, har aka yi yini cur ba ɗigo. Ya daina zama a kan kututture, in na zauna ya tsaya a kaina.

A kan wani dogon tudu muka fara ganinsa. Itatuwa suka buɗe, sai ga wani abu can ƙasa, fari-fari, shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Na ɗauka gajimare ne. Kawu ya tsaya, ya cire hula, ya mayar, ya ce, "La'ilaha illallahu. Dut wanga ruwa na?"

To a nan hanyar ta yi abin da ya ɓata masa rai. Maimakon ta gangara ta nufi teku, sai ta juya masa baya, ta bi ƙashin tudun ta nufi wani dutse da ya fi wanda muke kai tsawo. A ƙasanmu kuwa ga wani rafi yana ƙara, ya miƙe sak wajen tekun.

"Ummaru, sauka za mu yi."

"Kawu, hanya nan ta yi."

"Hanyar mutanen da ba su san ruwa ba. Kai ɗan wa na? Daga Argungu in kab bi gulbi ina yaka kai ka? Birnin Kebbi. In kaƙ ƙara gaba? Hak kogin Kwara. Wane gari kas sani da ba bakin ruwa yake ba? Ruwa ba ya ɓad da Basarke."

Maganarsa ba ta mahaukaci ba ce. A ƙasarmu haka abin yake, gulbi shi ne titi, garuruwa a gefensa suke jere, wanda ya ɓata ya nemi ruwa ya bi. Abin da ba mu tsaya mun tambayi kanmu ba shi ne, me ya sa duk garin da muka kwana a kan tudu yake, ba mu taɓa ganin ko bukka a kwari ba. Wata tsohuwa mai kwandon itace ta ga mun saki hanya, ta ajiye kayanta tana ɗaga mana hannu, tana magana da ƙarfi, ta nuna sama, ta nuna rafin, ta girgiza kai. Kawu ya ce, "Sannu, iya, mun gode," ya ci gaba da gangarawa. An ce baƙo ko da ido makaho ne, tamu makantar har da taurin kai.

Da farko kamar Kawu ya yi gaskiya. Gefen rafin da sanyi, ba hawa, muna ta tsallake duwatsu, har ya fara 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun muna gida. Sai bangon dutse ya fara matsowa dama da hagu. Gefen da muke takawa ya ƙanƙance, ya ƙare, muka shiga ruwa zuwa gwiwa, zuwa ƙugu. Ko yayyafi ba a yi a kanmu ba, amma ruwan ya sauya launi ya yi ja, ya fara kawo ganye da karyayyun rassa. A gida gulbi kan yi kwanaki yana ba da sanarwa kafin ya cika. Wannan kafin in gama cewa "Kawu" ya kai mini ƙirji. Ashe can bisa duwatsu aka yi ruwan.

Na kama wata saiwa na maƙale. Kawu ya fizge gora daga kaina ya kifa ciki a kai, ya ce in riƙe da kyau, zai duba mana mafita a gaba. Na ga yadda ya hau, na ga yadda ya karkata jiki ya kauce wa dutse na farko da na biyu, wallahi ko a wannan halin sai da na ji alfahari. Amma gulbinmu ba ya faɗowa daga sama. Gaba kaɗan rafin ya zuba ƙasa daga kan wani dutse, na ga gora ya ɗaga, na ga tafin ƙafar Kawu, daga nan ban ga komai ba.

Yadda ruwan ya zo haka ya janye. Na lallaɓa na sauka, na same shi a kan wani falalen dutse ya rungume gora, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Goran ko tsagewa bai yi ba. Kawu bai yi kuka ba, abin da ya fara ce mini shi ne, "Da saura nisa?"

Na yi ihu har murya ta dushe. Wasu masu ɗiban bammi a saman kwarin suka ji, suka sauko da igiyoyinsu na hawan kwakwa, suka sare rassa suka ɗaura wani abu kamar makara, suka haura da shi. Ba su tambaye mu ko su wane ne mu ba. Faɗa dai suka yi ta yi mana da yarensu tun daga ƙasa har sama, kuma mun cancanta. Garin da suka kai mu shi ne wanda hanyar za ta kai mu tun azahar da mun bi ta. Daga bayansa kuma gangara ce lafiyayya har bakin teku.

Mai ɗorin garin tsohuwa ce, kowa na ce mata Mami. Ta sa maza suka danne Kawu, ta ja ƙafar, na ji ƙashi ya yi ƙara, a nan kam sai da ya kira sunan mahaifiyarsa. Ta shafa wani baƙin magani, ta jera 'yan sanduna ta ɗaure. Sannan ta sa aka kamo wata budurwar kaza, ta karya mata ƙafar dama a gabanmu, ita ma ta ɗaure ta. Ta nuna kazar, ta nuna Kawu, wato ranar da wannan ta taka ranar zai taka. Kawu ya ce a'uzubillahi, shi ba ya haɗa lafiyarsa da kaza. Amma kullum da safe kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, "Ummaru, duba min kazar nan." Har gwazarsa yake gutsura mata.

Mami ta riƙe mu kamar nata. Da ta lura ba ma taɓa namansu, sai ta miƙo mini wuƙa da zakara ta ce in yanka da kaina. Ta ba mu zannuwa muka ɗaura har rigunanmu suka bushe, karo na farko tun da muka bar kwalta. Sun bushe ne don ruwan sama ya ɗauke gaba ɗaya. Daga ƙofar ɗakin ana hango teku, da safe kuma ana ganin jirage ƙanana-ƙanana suna fita. Kawu ya sa na juya masa tabarma yadda zai riƙa ganinsu, da na ga abin na cin sa na ce in mayar, ya ce in bar shi.

Ba mu da abin da za mu saka wa Mami da shi. Kawu da kansa ya ce in kai mata gora.

Na ce, "Kawu, na kaka na hwa."

Ya ce, "Wadda tag gyara ma ƙahwa ba a yi mata godiya da baki."

Mami ta yi murna, ta shafa shi, ta kira ɗanta ya ɗauka. Bayan kwana kaɗan aka yi wani taro a ƙofar gidan, sai ga goran kakana a tsakiyar fili cike da bammi har baki, yana kumfa, ana ɗiba da ƙoƙo. Goran da ba a taɓa hawansa ba bismilla ba. Na miƙe, Kawu ya riƙe mini riga.

"Zamna. Nasu na."

Ya juya fuska bango, ranar bai ci abinci ba. Har yau ban san inda zan ajiye wannan a zuciyata ba. Mutanen da suka fi kowa yi mana alheri a tafiyar su ne suka yi mana abin da ya fi ciwo, kuma ko sani ba su yi ba.

Kazar ta fara dogarawa tana ɗingishi, Kawu ya ce ta taka. Mami ta ce ba ta taka ba. Ta tare ƙofa, ta yi faɗa, ta nuna masa da hannu ya bari wata ya sake kamawa. Ya ƙi. A bakin gari, gindin bishiyar sanduna, ya tsaya ya zaɓi mai kauri da kansa. Gangarar da mata ke gamawa kafin hantsi mu yini muka yi a kanta, inda ta yi tsanani na goya shi.

Bakin tekun baƙin yashi ne, ga ƙara kamar ana ta rushe gini. Jiragen na katako ne, dogaye, masu inji, kowanne da mutanensa suna ta harka. Kawu ya saki kafaɗata ya ce kada in riƙe shi a gaban mutane. Ya jingine sandar a bayan wani jirgi ya taka da ƙafarsa yana cije leɓe.

Muka bi jirage ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cika. Wani mai shayi ɗan Nijar ya ji tausayinmu ya yi mana tafinta, ya kai mu wurin wani mai jirgi, ƙaton mutum mai furfura, wanda ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya gudu gida. Gurbi ɗaya ya rage. Kawu ya matsa gaba.

"Gaya mai ni na Bawa na Argungu. Gaya mai na kama giwan ruwan da sai da anka ciccibe shi kamar gawa."

Mai shayi ya faɗa. Mutumin bai san Argungu ba, bai san giwan ruwa ba. Ya kama hannun Kawu ya juya, ya ga kantar tafinsa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane ɗan'uwansa a sana'a. Sannan ya dubi ƙafar, wadda ta kumbura ta fi ƙarfin ɗaurin. Ya yi magana a hankali.

Mai shayi ya ce, "Baba, ya ce a jirgi tsaye ake yini ana jan taru, ruwa na jifa da mutum. Ya ce in kana so ka zauna a rumfa kana ɗinke masa taru, zai ciyar da kai. Yaron zai ɗauka."

Na ce ba na so. Na ce mu koma gida, rantsuwa ana yi mata kaffara, malamai ma sun faɗa.

Kawu ya ce, "Ka karɓa."

"Kawu, ku ji..."

"Na ce ka karɓa. Hawan da munka yi ya tashi banza dut?"

Ƙafar ba ta sake miƙewa ba, tafiyar da ya yi a kanta ta lalata ɗorin. Baɗi ta zo ba wanda ya ɗauke shi, baɗin baɗaɗa ma haka. Kawu Bawa bai shiga tekun ba, bai kuma koma Argungu ba, a can muka rufe shi, ni da mai shayi da wasu 'yan tsirarun Musulmi. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba ranar rufewar ba ce, ranar da na fara fita ce.

Ɗan Sarkawa jikan Sarkawa, tun kafin mu wuce inda ruwa ke fashewa na fara amai, na yi har ba abin da ya rage sai ɗaci. Igiyar taru ta saɓule mini tafin hannu, gishiri ya shiga. Ba nutso, ba dabara, ba lalube kifi a ƙarƙashin ciyawa. Ja ne kawai, ana yi maka tsawa da yaren da ba ka ji. Da la'asar muka dawo aka jefo mini kasona, wasu 'yan kifaye masu ƙaya da ban san sunansu ba.

Na same shi a rumfar, taru a cinya, ƙafa a miƙe, fuska wajen ruwa. Mai shayi ya ce tun da muka tashi bai kau da ido ba. Na ajiye kifin a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya buɗe bakinsa ya duba, ya ajiye. Da ya yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Ummaru, yaya ruwan yake can ciki?"

Tun da na yi wayo mutane ke zuwa ƙofar gidansa su tambaye shi ruwa. Ban taɓa jin shi ya tambayi wani mahaluki ba.

Na ce, "Ba daɗi, Kawu. Wallahi ba daɗi. Ba abin da kunka rasa."

Ya dube ni, ya dubi hannayena da suka saɓule, ya mayar da ido ga ruwa.

"Ban san ka da ƙarya ba. Kar ka hwara don tausayina."